Abin da muka roƙa shi ake ba mu: zare kan ƙuri'ar Birnin Kudu da Gwaram

1/
Jama'a, yau zan sosa mana inda yake ƙaiƙayi, mu mutanen Birnin Kudu da Gwaram. Kullum muna zagin gwamnati kan yadda take kashe kuɗi. To ni cewa na yi kasafin kuɗin Jigawa hoton ƙuri'armu ne. Abin da muke saka wa ɗan siyasa a kai, shi yake maimaita mana. Zaren da ɗan tsawo, a gyara zama.

2/
Tun kafin a fara jifa: ban zo wanke kowa ba. Ba ni da katin APC, ba ni da na PDP, ba ni da na NNPP. Ɓarawon gwamnati ɓarawo ne ko da ɗan ɗakinmu ne. Amma Bahaushe ya ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yau zancen daddawar za mu yi.

3/
Mu fara da nauyinmu. A ƙidayar 2006 Birnin Kudu ta haura mutum dubu 300, ita ce kan gaba cikin ƙananan hukumomi 27 na jihar. Gwaram ta haura dubu 270, har ita kaɗai take da kujerar ɗan majalisar tarayya ba tare da an haɗa ta da kowa ba. Duk mai neman gwamna ya san sai ya biyo ta nan.

4/
Ba mu kuma rasa manya ba. Gwamnan farar hula na farko bayan an ƙirƙiri Jigawa a 1991, Ali Sa'ad Birnin Kudu, ɗan nan ne. Sule Lamido na Bamaina ya yi shekara takwas, 2007 zuwa 2015. Ga asibitin tarayya a Birnin Kudu, ga tsohuwar kwalejin gwamnati da ta yaye manyan mutane. Ba za mu ce an manta da mu a taswira ba.

5/
To me ya sa har yau in ka bar kwalta ka shiga ƙauye, sai ka tarar da aji ɗaya yara sun cika shi maƙil a ƙasa, malami ɗaya yana zagaya azuzuwa uku? Me ya sa mai naƙuda cikin dare sai an ɗora ta a babur? Wannan tambayar ce ta sa na buɗe zaren nan.

6/
Ga yadda ɗan siyasa yake lissafi, kuma ba sihiri a ciki. Kuɗin da ke hannunsa yana da iyaka. Burinsa ya dawo kujerarsa, ko ya ɗora yaronsa. Sai ya tambayi kansa: wace naira ce in na kashe za ta dawo mini da ƙuri'a? Can zai kai ta. Wadda ba ta dawo da komai, sai ta jira baɗi.

7/
Saboda haka ayyuka kashi biyu ne a wurinsa. Akwai wanda ido ke gani: titi a tsakiyar gari, fitilun sola, katangar makaranta da sabon fenti, ƙofar shiga gari. Ana yanka kirtani, a ɗauki hoto, maroƙa su yi kirari. Akwai kuma wanda ba ya hoto: albashin ungozoma, magani a kanta, alli, duba malamai, yashe kwalbati kafin damina.

8/
Kashi na biyun nan shi ne yake raya mutum. Amma tsakani da Allah, wa ya taɓa faɗuwa zaɓe a mazaɓar Kantoga ko Kila saboda ɗan aji shida bai iya karanta sunansa ba? Wa aka taɓa ƙi saboda asibitin sha-ka-tafi ba maganin zazzaɓi? In ba a hukunta ka kan abu ba, yaushe za ka kashe kuɗi a kansa?

9/
Bari in ba ku abin da na gani da idona. Ana gab da wani zaɓe, wani ɗan takara ya zo garinmu, ba zan kama suna ba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai gari. Ya ce, "Iyayena, ku faɗi buƙatunku." Na ce a raina yau dai za a amayar da abin da ke ciki.

10/
Ga jerin da aka miƙa masa: a gyara rufin masallacin Juma'a, a ba dattijo ɗaya kujerar Makka, a ba matasa babura, a sa kofin ƙwallo, a ɗauki yaran wane da wane aiki. Aka yi fatiha, aka raba ambulan, aka watse. Ba wanda ya ambaci firamaren da ke bayanmu, alhali muna jiyo hayaniyar yaran ba malami a kansu.

11/
Kada wani ya juya mini magana. Gyaran masallaci alheri ne, kuma mu da kanmu muna yi da karo-karo, tun kaka da kakanni. Abin da karo-karonmu ba zai iya ba shi ne biyan ungozoma albashi na shekara talatin. Muka roƙi gwamnati abin da za mu iya yi wa kanmu, muka bar abin da ita kaɗai ke iyawa.

12/
Mutumin ya ci zaɓe, kuma wallahi ya cika alkawari. Rufi ya gyaru, babura sun zo, an buga kofi. Bayan shekara biyu naƙuda ta kama ƙanwata cikin dare, muka je ɗan asibitin da ke kusa muka tarar da kwaɗo a ƙofa. A babur muka kai ta gari. Allah Ya sa da sauran kwana. To ranar wa zan zaga? Abin da muka roƙa shi aka ba mu.

13/
Kun lura da wani abu? A taron nan babu mace ko ɗaya. Alhali ranar zaɓe layin mata ne yake fin tsawo a rumfarmu, su ne suke shan rana da goyo a baya. Su suka san asibiti, su suka san nisan rijiya. Amma in an zo jerin buƙatu maza ne ke magana, su kuma a aika musu atamfa da sabulu da magi.

14/
Matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai a ƙarshen shekarun 1970, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kai. Yau mun mayar da wannan ƙuri'ar ta turmin atamfa. In da za a tambayi matan Sara ko Sundimina me suke so kafin a rubuta kasafi, na rantse da jerin ya canza.

15/
Ba a nan kaɗai ba ne. Wani masani ɗan ƙasar Benin, Leonard Wantchekon, ya yi gwaji da 'yan takara na gaske a zaɓen shugaban ƙasarsu na 2001. A wasu ƙauyuka aka yi alkawarin "ku na nan zan yi muku", a wasu aka yi na gyaran ƙasa baki ɗaya. Na farkon ya fi kawo ƙuri'a. Amma mata sun fi maza karɓar saƙo na biyun.

16/
Ma'ana, ɗan siyasa ɗan kasuwa ne. Kayan da ake saye su yake sarowa. In kasuwar Sara ta daina sayen abu, ba mai sake ɗauko shi daga Kano. Muna cewa 'yan siyasa ba su da manufa. Su kuwa sun gwada sun ga manufa ba ta ciniki a wurinmu, taliya ce take tafiya.

17/
Yanzu mu yi lissafin taliyar. A ce an ba ka naira dubu 5 ranar zaɓe. Wa'adin shekara huɗu kwana 1,461 ne. Raba ka gani: bai kai naira 4 a rana ba. Yau naira 4 me za ta saya maka? Ko ƙullin gishiri ba ta kai ba. Wannan shi ne farashin da ka sa wa bakinka.

18/
Ga ɗaya gefen. Kasafin Jigawa na 2024 da aka fara gabatarwa ya kusa naira biliyan 300. Na 2025 ya kusa biliyan 700. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru sosai. Kuɗin nan daga aljihunka ya fito, kai da kake sayen fetur da taki da tsada.

19/
A ce mu miliyan 7 ne a jihar. Biliyan 700 a raba, kowane rai ya tashi da kusan naira dubu 100 a shekara. Gida mai mutum 10, miliyan 1 ke nan. Na san kasafi hasashe ne, ba duka ake samu a hannu ba. Amma ko rabinsa ne, dubi abin da ka miƙa wuƙa da nama a kai saboda dubu 5.

20/
Sai wani ya ce, "Malam, yunwa ce. Kai da ka ƙoshi kake wannan dogon turanci." Ban raina yunwa ba. Rahoton hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2022 ya sa Jigawa cikin jihohin da fiye da kashi 80 cikin 100 ke fama da talauci ta fuskoki da yawa. Wanda bai karya ba tun safe, ban isa in yi masa wa'azin taliya ba.

21/
Amma ina da tambaya. Iyayenmu na 1979 sun fi mu kuɗi ne? Ba su da waya, ba su da Facebook, da yawansu ba su yi boko ba. Lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kano. Suka tsaya kan buƙata ɗaya da suka gada tun zamanin NEPU: a sauke musu haraji da jangali. Suka dangwala wa PRP ta Malam Aminu Kano.

22/
Abubakar Rimi ya hau, ya soke haraji da jangali. Ya buɗe yaƙi da jahilci na manya. A zaɓen nan ne Birnin Kudu ta tura Sule Lamido majalisar wakilai a Legas a ƙarƙashin PRP. Talakawa ne suka ce ga abin da muke so, gwamnati ta sauya yadda take tara kuɗi da yadda take kashewa. A ƙasar nan tamu aka yi, ba a Ingila ba.

23/
To me ya bambanta su da mu? Sun san abin da suke so, abu ɗaya ne, kowa ya haddace shi, kuma ana iya gane an yi ko ba a yi ba. Mu kuwa kowa da tasa: wannan babur, wannan kujerar Makka, wannan a ɗauki ɗansa aiki. Suka sayar da ƙuri'arsu a dunƙule da tsada, mu muna sayar da tamu ɗai-ɗai da araha.

24/
Haka aka yi a Kenya. Mwai Kibaki ya yi kamfen a 2002 da alkawarin soke kuɗin firamare, ya ci, a Janairun 2003 ya soke, yara fiye da miliyan 1 suka ƙaru a makarantu. Amma ga darasin: azuzuwa suka cika, malamai ba su ƙaru daidai da yaran ba. An ba masu zaɓe abin da suka nema, daidai inda suka tsaya da nema.

25/
Ku dubi gwamnoninmu ma, kowa da inda ya karkata. Saminu Turaki ya rarraba ma'aikatu a masarautu, ya rungumi harkar kwamfuta. Lamido ya tattaro gwamnati Dutse, ya gina ta, ya yi filin jirgi da jami'a a Kafin Hausa, ya sa wa naƙasassu alawus na naira dubu 7 a wata. Badaru aka sa masa Mai Kalkuleta, ya karkata ga noma da rabon awaki ga mata.

26/
Kowanne cikin waɗannan akwai abin yabo, akwai abin tambaya. Amma mu a ƙasa da me muka auna su? Mun taɓa zama mun ce filin jirgi da malaman firamare dubu nawa, wanne ya fi mana? Mun taɓa bin awakin nan mu ga nawa suka hayayyafa? Ko dai abin da muke tambaya shi ne ɗan wace masarauta ne, kuma wa ya ɗaga hannunsa?

27/
Wannan ya kawo ni kan ciwon "namu ne". Namu ne, ko bai yi ba a bar shi. Namu ne, kada a tona masa asiri a gaban bare. Malam, ranar da ɗan siyasa ya tabbatar ƙuri'arka tasa ce ko ya yi ko bai yi ba, ranar ka fita daga lissafinsa. Wa yake zuba wa kifin da ya riga ya kama tsutsa?

28/
Abokin hamayyarsa ma ya cire ka, don ya san ko ya kashe kuɗi a kanka ba zai samu ba. Sai ka zama maraya ta gefe biyu. Garin da ake rububi a kansa shi ne wanda ba a san inda zai faɗa ba. Can ake kai transfoma, can ake kai taki da wuri. Biyayya ido rufe ba ta da lada a kasafin kuɗi.

29/
Haka siyasar "sak". A 2015 guguwar Buhari ta zo, aka ce daga sama har ƙasa. Mutane da yawa sun shiga majalisa ba don an san aikinsu ba, sai don hotonsu na kusa da na Baba. Wanda ya san rigar wani ce ta kai shi, wa kake jin zai yi wa biyayya, kai ko mai rigar?

30/
Masu cewa "ai ƙuri'a ba ta ƙirguwa", ku zo nan. A 2015 PDP ce ke mulkin Jigawa, gwamna mai ci ɗan Birnin Kudu ne, kuma jam'iyyarsa ta faɗi. A 2023 APC ta ci gwamna, amma kujerar sanatan yankinmu PDP ce ta ɗauka, ta majalisar tarayya ta Gwaram kuma NNPP. Wa ya yi wannan tankaɗe da rairayar in ba ku ba?

31/
Kuma ku yi tunani: in da ƙuri'a ba ta da amfani, wane mahaukaci ne zai kashe kuɗinsa yana saye? A 2023 ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, takardar naira ta yi ɓatan dabo, amma aka nemo hanya, aka koma taliya da atamfa da tura kuɗi ta waya. Su sun san darajar abin da ke hannunka. Kai ne ba ka sani ba.

32/
Akwai kuma fatawar "karɓi kuɗinsa, ka zaɓi ra'ayinka". Tana da daɗin ji, amma duba ƙarshenta. Muddin sai an raba kuɗi ake tsayawa takara, mai gaskiya marar kuɗi ba zai ma fito ba. Wanda ya fito kuwa bashi ya ci ko ubangida ya tsaya masa. Ina zai fanshe? A kwangilar ajin ɗanka. Ga shi kuma dokar zaɓe ta haramta wa mai bayarwa da mai karɓa.

33/
Shi ya sa za ka ga an gina aji bana, baɗi iska ta yaye rufin. An haƙa rijiyar burtsatse, wata shida ta tsaya, ba mai gyara. Siminti ya tafi kamfen. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Taliyar da ka ci a watan zaɓe, ɗanka ne yake biyan kuɗinta a ƙasan aji.

34/
Wani lokacin ma da rai ake biya. A Agustan 2021 ruwa ya karya gada a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka, mutum 21 suka rasu. Allah Ya jiƙansu da rahama. Duba gada da kwalbati kafin damina aiki ne da ba a yi masa biki. Bayan mun yi ta'aziyya, ɗan takara nawa muka tsare da tambayar wa ke duba sauran gadojin?

35/
Yanzu bari in sauke laifin inda ya fi nauyi, don ba tsohuwar da ta karɓi sabulu ce babbar mai laifi ba. Masu laifin su ne dillalan ƙuri'a: mu 'yan boko, shugabannin ƙungiyoyin matasa, daliget, wasu dattawan gari, da sojojin baka na rediyo da na waya. Mu ake tura wa a ce me mutanenku suke so. Mu muke yanka farashi.

36/
Ɗan boko zai shiga ofishin ɗan majalisa da sunan al'umma, ya fito da takardar ɗaukar ƙaninsa aiki. Shugaban matasa zai tara yara ɗari a yi hoto, ya karɓi mota shi kaɗai. Daliget zai sayar da tikitin mazaɓa sukutum a dare ɗaya, sannan ranar zaɓe a ce talaka ya zaɓa tsakanin mutum biyun da aka riga aka saye masa.

37/
Ku dubi ma'aikatan gwamnati. An san Jigawa da biyan albashi da fansho a kan kari, kuma abin a yaba ne. Amma me ya sa kowane gwamna yake kaffa-kaffa da wannan? Don ma'aikata suna da ƙungiya, buƙatarsu ɗaya ce, ranar biyanta sananniya ce, in an saɓa kowa zai ji. Manomin Fagam da mai jegon Wurno su wa ke magana da yawunsu?

38/
Ga ƙaramar hukuma, wadda ita ce ta fi kusa da firamare da sha-ka-tafi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Muka yi ta murna a waya. To cikinmu wa ya san nawa ya shigo Birnin Kudu ko Gwaram a watan jiya? Ana wallafa alƙaluman nan duk wata, ba a ɓoye suke ba.

39/
A zaɓen ƙananan hukumomi na Oktoban 2024 jam'iyya mai mulki ta lashe kujerun ciyaman 27 gaba ɗaya. Haka ake yi a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ke sama. Ciyaman ɗin da ya san daga Dutse aka ba shi kujera, Dutse zai riƙa kallo. 'Yancin kuɗi ba tare da idon jama'a ba, sauya wa kuɗin aljihu ne kawai.

40/
To mene ne abin yi kafin 2027? Ba dogon abu ba ne. Birnin Kudu mazaɓu 11, Gwaram mazaɓu 11. Kowace mazaɓa ta zauna, ba a gidan ɗan siyasa ba, ba da kuɗin ɗan siyasa ba, ta fitar da buƙatu uku kacal. Uku. A rubuta a takarda, a karanta a masallatai da kasuwanni har kowa ya haddace.

41/
Sharaɗi: buƙatar ta zama ta kowa, kuma wadda za a iya ƙirgawa. Kada a ce "a inganta ilimi", wannan kowa zai ce to. A ce: malamai kaza a firamare kaza kafin ƙarshen shekarar farko. Ungozoma mai kwana a asibitin mazaɓa. Mai gyaran famfo da kuɗin gyara a kasafi. Abin da yaro ma zai iya cewa an yi ko ba a yi ba.

42/
Mata su yi nasu zaman daban, su kawo nasu jerin, kuma a cikin ukun nan lallai ɗaya tasu ce. Ba alfarma ba ce, lissafi ne: su ne masu dogon layi. Duk ƙungiyar ci gaban gari da ta je gaban ɗan takara ba tare da buƙatar mata ba, rabin gari ta wakilta.

43/
Duk ɗan takarar da ya zo, kowace jam'iyya, a miƙa masa takarda ɗaya. Ya amsa a gaban jama'a, a ɗauka a waya, a ajiye. A kuma san wa ake tambaya me: ɗan majalisar jiha shi ke amincewa da kasafin jiha, na tarayya yana da ayyukan mazaɓu, ciyaman yana da nasa. Kada mu roƙi kansila titin tarayya, mu roƙi sanata kuɗin suna.

44/
Bayan zaɓe aikin yake farawa. Kasafin jiha ana wallafa shi a intanet. Ɗaliban mu da ke jami'ar Dutse da ta Kafin Hausa, ku zazzage shi, ku nemo layin garinku, ku fassara wa iyayenku da Hausa. Gwamna Namadi ya fito da zagayen Gwamnati da Jama'a. In an zo irin wannan zama, a je da takarda da alƙalami, a bar kirari a gida.

45/
Sannan mai wuyar: hukunci. In wa'adi ya cika, a fito da takardar da faifan, a karanta. Wanda ya yi biyu cikin uku a mayar da shi ko ɗan wace jam'iyya ne. Wanda bai yi ba a sauke shi ko da tare muke sallah a sahu ɗaya. Sau ɗaya tak za mu yi haka a yankin nan, wallahi duk Jigawa sai ta ji a jikinta.

46/
Na san za a ce mafarki nake, za a ce wani ne ya turo ni. Wanda ya turo ni shi ne kwaɗon da na tarar a ƙofar asibiti da ƙarfe biyun dare. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina son yankin nan, a nan aka binne cibiyata, shi ya sa ba zan yi mana ƙarya ba.

47/
Wanda ya ga kuskure a alƙaluman da na kawo ya gyara mini a ƙasa, zan karɓa. Wanda zai zage ni, bismillah, amma in ka gama ka rubuto buƙatu uku na mazaɓarku, ka faɗi sunan mazaɓar. Ni zan fara tattarawa daga yau, in kuma sun taru zan sako su a nan kowa ya gani. Allah Ya ba mu shugabanni nagari, Ya ba mu zuciyar zaɓensu.